Yadda na yi fama da robar kyamarata kafin ta zauna

Kyamarar nan ta hannu na saye ta, Nikon D700, wacce ta fito tun 2008, kunga kenan ta girmi ɗana na fari nesa ba kusa ba. Ni aikina ɗaukar hoton biki da suna ne a nan Kano, kuma na daɗe ina son in samu ta biyu wacce zan riƙa ratayawa a ɗaya kafaɗar, domin canza lens a tsakiyar kamu ko wajen dina ba ƙaramin tashin hankali bane, kana cikin kwancewa amarya ta riga ta wuce ka. Megafiksel 12 ce kacal, yaran yanzu in ka faɗa musu dariya suke wai wayarsu ta fi ta, amma sensarta, wato ɗan allon ciki da hoto ke sauka a kai, babba ce irin wacce ake kira ful firem, jikinta ƙarfen maganiziyam ne, nauyinta ya kusa kilo guda tun ba a sa mata batir ba, kuma yadda take fitar da kalar fatar mutum... toh a bar wannan dai, ba shi ya kawo ni ba.

Ranar da naje dubawa na bi ta ciki da bai. Na duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka naga dubu 61 da ɗoriya, kamfanin kuwa gwajin dubu 150 suka yi wa shotarta, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a kowace ɗauka, ashe da sauran ƙuruciyarta. Sensa fes, maɓallai duk suna amsawa, filasha tana tashi. Abu ɗaya ne kawai, robar mariƙin gaba ta ɗan ɗaga baki daga sama, ta wajen babban yatsa a baya kuma da wani fari-fari a gefenta kamar an barbaɗa gishiri. Da na nuna wa mai kayan sai yace “haba Oga, wannan ai ba matsala bace, ɗigon sufa gulu ɗaya ya gama magana.” Na yi amfani da ita na samu ragi dai, na biya na taho ina murna na yi tsintuwa.

Watan Afrilu ne lokacin, kuma duk wanda ya san Kano ya san me ake ciki, zafi yana taka 40 har ya wuce, kana tsaye a rana tun walimar safe hannunka sharkaf da gumi. Sati biyu ba a yi ba robar gaban nan ta saki kusan rabi, in na riƙe sai inji tana zamewa a ƙarƙashin yatsuna kamar ɓawon mangwaron da ya nuna ya wuce. Abin da ya fi ci min rai shine ɗan wilin nan na gaba da ake murzawa da manuniya a canza afaca, wato girman ƙofar da haske ke shiga, robar ta kumburo ta matse shi, sai ka sa ƙarfi kafin ya juya, wani lokacin ka nemi mataki ɗaya ya tsallaka maka uku. A wani gidan suna har na fitar da hotunan liman da baƙi sun yi duhu saboda haka. Sai na samu kyauron ɗaure kuɗi guda biyu na naɗe ta da su, a haka na yi aiki har wata Hajiya cikin dangin ango ta kalle ni tace “mai hoto, ita ma kyamarar kuɗi ce da ka ɗaure ta da kyauro?” Mata suka kwashe da dariya, nima na yi yaƙe, amma wallahi ranar na ƙudurta sai na gyara ta.

Gyaran farko gyaran gangar Auzinawa na yi. Na tsaya wajen mai gyaran takalmi na bakin layinmu ya ɗibo min gam ɗinsa a murfin kwalba, na zo gida na ɗaga robar na lafta a ciki na danne nan take, ban goge komai ba, ban jira ya sha iska ba. Shi kuwa irin wannan gam ɗin ƙa'idarsa a shafa siriri a fuska biyun, a bar shi minti goma zuwa sha biyar har in ka taɓa ba ya biyo yatsa, sannan a haɗa, ni duk na sani don na sha ganin ana yi wa takalmina, gaggawa ce kawai. Ya tsattsafo ta gefe ya ɓata min jan alamar nan mai kusurwa uku da ke saman mariƙin, tsakiyar robar kuma ta yi tozo ta ƙi kwanciya ko ya na danna. Kwana uku ta sake saki, yanzu kuma ga tsohon gam ga sabo sun cakuɗe da ƙura sun zama kamar ƙullun da ya kwana.

Sai na ɗauke ta na tafi wajen maigidana, wanda ya koya min hoto tun zamanin fim, yanzu ya manyanta ya daina fita aiki amma idonsa a kan kyamara bai tsufa ba. Ya karɓa ya jujjuya, ya sa farce ya ɓare robar gaba ɗaya, ni kuma gabana ya faɗi. Ya ɗora ta a gurbinta ba tare da ya danna ba yace in matso in gani.

“Ɗan nan, wannan ba gam ta rasa ba. Girma ta yi.”

Na duba, wallahi kuwa. In ya daidaita ta daga ƙasa sai ta haye gurbin daga sama da kamar milimita biyu, in ya daidaita sama sai ƙasa ta leƙo. Yace ita roba shan maiƙo take, gumin hannu, man shafawa, turare, maiƙon naman da ka ci a wajen biki ka ɗauki kyamara baka wanke hannu ba, shekara da shekaru tana tsotsa tana kumbura, zafi kuma yana narkar da abin da ya riƙe ta, kuma ba wannan kamfanin kaɗai ba, duk tsohuwar kyamarar da ta sha hannu haka robarta take yi, har ta jikin lens. Rigar da ta yi wa mutum yawa ko da me ka liƙa ta sai ta yi tattara. Nace “to Baba, sufa gulu fa? Ai shi ba ya saki.” Kallon da ya yi min kamar nace zan wanke sensa da omo.

Ya nuna min jikin kyamarar inda ya cire robar, sai ga ƙananan notina a kwance a ƙarƙashi. Yace daga kamfani ba da gam aka liƙa robar nan ba, tef ne siriri mai manne ta fuska biyu, kuma da gangan aka yi haka, don duk ranar da kyamara ta samu matsala a ciki sai an ɗaga roba kafin a kai ga notin, in ka zuba sufa gulu ka rufe wa mai gyara ƙofa kenan, sai dai ya yaga ko ya fasa. Sannan in ya bushe ƙanƙara yake zama, roba tana lanƙwasa shi ba ya lanƙwasa, sai ya tsage. Na uku kuma tururinsa. Ya juya bayan kyamarar ya nuna min fari-farin nan na wajen babban yatsa yace ga aikinsa nan, wanda ya riƙe ta kafin kai ya riga ya yi ɓarnar. Daga baya na gane dalili, tururin sufa gulu yana bin duk inda maiƙon yatsa ya taɓa ya daskare fari, shi ya sa ma masu binciken laifi suke amfani da shi wajen fito da zanen yatsa. To ka ɗauka wannan tururin ya shiga madubin leƙawa ko ya sauka a gilashin lens.

Washegari na shiga kasuwar waya ta Farm Centre wajen wani ƙanin abokina mai gyaran waya, don su ne kullum cikin liƙa sikirin da murfin baya. Na yi masa bayani yace “Yaya ai kayan aikinmu ne wannan.” Ya ciro nau'in tef kala uku. Mai kaurin nan kamar soso da ake manna lamba ko ƙugiya a bango na ajiye shi gefe tun bai yi magana ba, kaurinsa ya kai milimita guda, in ka sa shi robar zata tsaya sama da gurbinta. Wanda na ɗauka siriri ne mai jan bayan leda, kaurinsa bai wuce kashi biyu cikin goma na milimita ba, faɗin milimita 10 da kuma na milimita 3 don lungu. Yace in da zan samu na kamfanin 3M mai rubutun 300LSE a takardar bayansa shi aka yi musamman don roba da filastik masu ƙin gam, amma ranar babu shi a layin. Ya ƙara min da ƙaramin B-7000, farin gam ɗin nan mai bakin allura wanda ko ya bushe yana nan da danƙo kamar roba kuma ana iya ɓare shi, sannan ya tsiyayo min sifirit ɗin da suke wanke allon waya da shi, aisofurofil, a wata 'yar kwalba. A hanya na sayi sabuwar reza, tsinken sakace, da auduga mai tsinke ta goge kunne.

Bayan isha na share tebur na zauna. Na cire batir, na cire kati, na kwance lens na rufe bakin da murfinsa, na yanki salatif na takarda na rufe wilin gaba da maɓallin ɗauka don kar wani abu ya gangara ciki. Na ɗauki hoton kowace roba da waya kafin in taɓa ta, wannan ya taimake ni daga baya. Robobin nata ba ɗaya bane, akwai babbar ta gaba, akwai ta ɗaya gefen, ta babban yatsa, ta jikin ƙofar kati, da ta ƙasa mai ramin tirayifod, wato sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku. Ta gefe da ta ƙofar kati lafiyarsu ƙalau, ban taɓa su ba, abin da bai lalace ba ban ga dalilin tsokanarsa ba. Ta ƙasa ta saki a kusurwa biyu, na ari handirayar uwargida na ɗan hura mata ɗumi daga nesa, ɗumin da hannu zai iya jurewa, na zura tsohon katin ATM a hankali ta taso salin alin. Kar ka ja roba da ƙarfi, ƙara mata tsawo kake.

Toh daga nan aikin gaskiya ya fara, wato gogewa. Duk wanda yace maka gyaran nan aikin liƙi ne bai taɓa yi ba, liƙin bai ci min minti ashirin ba, gogewa ta ci sama da awa biyu. Tsohon tef ɗin ya narke ya zama wani baƙin danƙo, ga nawa gam ɗin takalmin a kai. Dabarar da ta fi min aiki ita ce murzawa da tafin babban yatsa, kana turawa gefe ɗaya yana naɗewa yana fita kamar dauɗa a wajen wanka, har yatsana ya yi ja ya fara zafi. Wanda ya ƙi sai in jiƙa auduga da sifirit in dangwala in jira kamar minti ɗaya in kankare da katin, lungu da kewayen noti kuma da tsinken sakace. Ban taɓa tsiyaya sifirit kai tsaye a jikinta ba, a audugar nake sawa in matse, domin batir a cikin mariƙin nan yake zama kuma akwai ramuka. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na ƙarasa da fitilar waya a baki, uwargida tana ta min tsiya wai ko jaririn da aka haifa ban yi wa wannan hidimar ba. Ma'aunina shine in goga sabuwar auduga ta fito fara tas, in kuma ja yatsa a wurin inji yana ƙara ba ya kamawa. Sai da na ƙarar da kusan rabin kwalin audugar.

Su kuma robobin, bayan na kankare bayansu na kai su wajen wanke-wanke, ruwan ɗumi da sabulun ruwa na kwanuka da tsohon buroshin haƙori, ciki da waje. Ruwan da ya fita kar ku so ku gani. Na ɗauraye, na goge bayan da sifirit, na shanya su a inuwa a ɗaki har safe. Akwai masu jiƙa robar a man laita wai yana zuƙe maiƙon ta koma girmanta, ni dai ban yi ba, roba ɗaya gare ni kuma ina da biki Asabar, ban shirya neman gira in rasa ido ba.

Da safe yanka. Nan ne hannuna ya yi rawa. Na ɗora robar gaba a gurbinta busasshiya, na daidaita ta daga gefen lens inda take da lanƙwasa mai wuyar zama, na bi da fensir na sa alama a inda ta haye. Na kwantar da ita a kan tayil na bi da sabuwar reza, sabuwa fil nake nufi, tsohuwa jan roba take ba ta yanka. Siriri-siriri kamar ana yanka albasar kwaɗo, in yanka in gwada, in sake yanka in gwada, ya fi sau goma. Na ɗan kwantar da rezar ta yadda cikin zai fi wajen cinyewa, sai bakin ya shige gurbi yankan bai nuna ba. Wajen wilin gaba na fi ba lokaci, na rage har sai da naga haske tsakaninsu. A ƙasa kuwa kusa da ƙofar batir na gaji na ce bari in gama da yanka ɗaya, na zarce, har yau akwai 'yar kafa a wurin da farce zai iya shiga. Ba mai gani sai ni, amma ni kullum sai na gani.

Tef ɗin a bayan robar na shimfiɗa shi ba a jikin kyamara ba, layi-layi dab da juna ba tare da wani ya hau wani ba, don duk inda ya ninku tudu zai yi. Na tabbatar ya kai har baki-baki tunda daga baki saki yake farawa, na bi da reza na share abin da ya leƙo, na danne shi sosai da bayan cokali kafin in ɓare jar ledar. Ban ɓare duka lokaci ɗaya ba, rabin gefen lens na fara, na saita da hoton wayata, na kwantar, sannan na riƙa jan sauran ledar a hankali ina bi da yatsa ina dannewa har ta zagayo. A saman nan mai lanƙwasa da kusurwoyi inda tef ba ya son zama na lakato B-7000 da tsinken sakace, ɗan mitsitsi, na shafa na jira minti uku zuwa biyar ya fara kamawa sannan na danne. Na murza wilin, ya juya ƙas ƙas ƙas ba wani ƙarfi, wallahi sai da na yi hamdala a fili.

Na naɗe mariƙin da tsohuwar safa mai tsafta, na cusa ɗan soso a lungun da yatsu suke shiga don matsin ya kai can, sannan na dawo da kyauron Hajiya na ɗaure tam. Irin wannan tef ɗin da matsi yake kamawa kuma ƙarfinsa ba ya cika sai ya kwana biyu zuwa uku, saboda haka na sa ta a durowa na kulle don na san halina, zan yi ta ɗagawa ina dubawa. Ta ƙasa ba ta ba ni wahala ba, shimfiɗaɗɗiya ce, na rage kaɗan na manna na ɗora mata littattafai.

Wacce ta gagare ni ita ce ta babban yatsa, mai sufa gulun wancan bawan Allah. Ɗumi bai yi mata komai ba, sifirit bai yi ba. Na san asiton, sinadarin da ake goge jan farce da shi, yana narkar da sufa gulu, kuma ga abin goge jan farcen uwargida a kan madubi yana kallona, har na ɗauko, sai wata zuciyar tace gwada a wani abu tukuna. Na ɗiga a wani tsohon murfin lens da ba na amfani da shi, kafin in ƙirga goma wurin ya dusashe ya yi laushi har zanen yatsana ya fito a jiki. Na mayar mata da abinta. Haka tina da fetur, kar ma a kawo su kusa. Dole da reza na bi, robar ta yage gida uku, busasshen gam ɗin na yi ta kankara kaɗan-kaɗan na ƙarasa da takardar yashi mai laushi, fari-farin gefe kuma wani ya fita wani yana nan. Na yi odar sabuwa daga Chana, ta zo da tef ɗinta a jiki sai ɓarewa kawai, amma sai da ta yi sati huɗu a hanya, bikin Asabar ɗin da ƙarfe tsirara a ƙarƙashin yatsana na yi shi. Da ta iso ma ba ta kai ta asali laushi ba, ta fi sheƙi kuma ta ɗan fi tauri, amma ta shiga gurbinta daidai ba yanka.

Yanzu an ci damina an shiga hunturu tana nan daram. Sau ɗaya kusurwar da na zarce da yanka ta ɗan ɗaga, na goge da sifirit na sa ɗigon B-7000 na ɗaure ta kwana, shikenan. Na daina barinta a mota in na shiga masallaci ko cin abinci, don cikin motar da aka rufe a ranar Kano tanda ce, kuma in na dawo daga aiki ina goge mariƙin da ɗan tsumma mai danshi kafin in sa ta a jaka. Ragowar tef ɗin yana aljihun jakar tare da reza biyu. Satin da ya wuce wani abokin aikina ya gani ya kawo min tasa kyamarar, Nikon D300, wai in yi masa irin nawa, ina ɗaga robar naga fari-fari tun daga sama har ƙasa, na kalle shi, ya sosa ƙeya yace tun bara ya zuba sufa gulu, tub guda cur. Tana nan a durowa ta, mun yi odar robobi saiti guda muna jira.